Me ya sa rogo ke yin baƙi kwana biyu bayan an tone shi?

Tambaya: Doya da dankali suna yin makonni a ajiye, amma rogo da zarar an tone shi sai cikinsa ya fara yin zane-zane masu duhu. Ƙwayoyin cuta ne ke kama shi da wuri haka?

Amsa: A'a, su ƙwayoyin cuta sai bayan kamar kwana 5 zuwa 7 suke shiga, su ruɓar da abin da ya riga ya lalace. Lalacewar farko, wadda ke bayyana cikin sa'o'i 24 zuwa 72, saiwar ce da kanta ke jawo ta yayin da take ƙoƙarin warkar da raunin da aka yi mata wajen tonowa.

Da zarar an yanke saiwa, sinadarin linamarin da ke cikinta yana haɗuwa da enzayim (wato sinadarin da ke hanzarta sauya wasu sinadarai a jikin halitta) mai suna linamares, sai gubar da ake kira sayanayid ta fito. Shi kuwa sayanayid yana toshe hanyar numfashi a cikin mitokondiriya, wato injin da ke samar wa ƙwayar halitta ƙarfi, kuma toshewar nan ce ake ganin tana haddasa ambaliyar nau'o'in oksijin masu ɓarna, irin su haidirojin feroksayid, cikin mintuna kaɗan. A lokaci guda ƙwayoyin gado masu kula da kariya suna farkawa, saiwar ta shiga tara sinadarin sikofoletin, wanda idan enzayim feroksides ya sarrafa shi yakan rikiɗe ya zama launin shuɗi mai baƙi da ke bin jijiyoyin ruwa.

A ganina, abin lura shi ne cewa ba da saiwa ake shuka rogo ba, da kara ake shukawa. Doya da dankali su ne irin kansu, don haka suna saurin yin sabuwar fata su rufe rauni. Rogo yakan fara wannan aiki amma ba ya kammala shi da wuri, sai martanin da yake mayarwa ga raunin ya yi ta ratsawa har tsakiyar saiwa.

Gwaje-gwaje sun ƙarfafa wannan fahimta, domin da masu bincike suka ƙara wa rogo ƙwayoyin gado masu share oksijin mai ɓarna, sai lalacewar ta jinkirta da kwanaki. Shafa wa saiwa kakin zuma ko rufe ta a leda ma yana taimakawa, saboda yana tare iska da bushewar rauni. Sare ganye da kan kara makonni 2 zuwa 3 kafin tonowa yana jinkirta baƙin, sai dai yana rage sitacin da ke cikin saiwar.