Ku Tambayi Anti: Yaji, Garin Koko da Lambar FDA

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni mazauniyar Aboabo ce a Kumasi. Yaji nake dakawa irin wanda na koya a hannun kakata, ina kuma yin garin koko na gero. A unguwa da Kejetia ba ni da kukan ciniki. Kwanan nan na kai kayana wani babban kanti a Adum, mai kantin ya ɗanɗana ya yaba, amma ya ce ba zai karɓa ba sai da lambar FDA da takardar bayani a jikin roba. Ni kuwa na yi rajistar sunan sana'ata, satifiket ɗin yana hannuna. Ashe wannan bai isa ba?
Mai yaji, Aboabo

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Bai isa ba, kuma kada ki riƙe mai kantin a zuci. In jami'ai suka tarar da kaya marasa rajista a kantinsa, shi za su fara tsarewa da tambaya kafin a nemo ki.

Rajista iri uku ce, mutanenmu kuma sukan haɗe su wuri guda. Wadda kika yi ta sunan sana'a ce, ta ofishin rajistar kamfanoni, abin da take faɗa kawai shi ne gwamnati ta san da zaman kasuwancinki. Akwai ta tambarin kaya, za mu zo kanta a tambaya ta uku. Wadda mai kantin yake nema ita ce ta abincin kansa, wannan kuwa aikin FDA ne, hukumar abinci da magunguna. Dokar lafiyar jama'a ta 2012, wato doka mai lamba 851, ta hana a sarrafa abinci a ƙunshe shi a sayar ba tare da rajistar hukumar ba. Babban ofishinsu yana Shiashie a Akra, amma suna da ofishin yankin Ashanti a nan Kumasi, ba sai kin hau motar Akra ba.

Na san abin da ke hana mata zuwa: tsoron a ce sai sun gina masana'anta. Tun 2020 hukumar ta fito da tsarin lasisi hawa-hawa saboda masu ƙananan sana'o'i, mataki uku, mai ruwan hoda, sai rawaya, sai kore. Ana ba ki na farko in kin cika sharuɗɗan tsafta na tushe, ki ci gaba da sana'arki kina gyara sauran a hankali. A shekarun da na yi ina zaga ƙungiyoyin mata masu sarrafa abinci, abin da na ga masu dubawa sun fi sa wa ido ba ya wuce waɗannan: ɗaki ko rumfa ta aikin ita kaɗai, ban da girkin gida a ciki, ƙasa mai wankuwa, raga a taga, wurin wanke hannu da sabulu, buhuna a kan katako nesa da bango, awaki da kaji kuma ba su da hanya zuwa wurin shanya. Ke da duk mai taya ki aiki ku nemi takardar gwajin lafiya ta masu taɓa abinci a majalisar Asokore Mampong, tun da Aboabo a ƙarƙashinta take. In cike takardu ya yi miki nauyi, ofisoshin GEA masu ba ƙananan 'yan kasuwa shawara don irinki aka buɗe su. Kuɗin rajista yana sauyawa, ki tambaya a ofis da bakinki, ki karɓi rasit. Kada ki ba ɗan tsakiya ko sidi ɗaya don ya "samo miki lamba". Lambar aro ko ta ƙarya ta fi rashin lamba jawo masifa.

Sai gwajin kaya, kuma a nan nake so ki ba ni hankalinki. Za a kai yajinki ɗakin gwaji, irin na GSA, hukumar ma'aunin ingancin kaya. Ƙashin bayan yaji garin ƙuliƙuli ne, ƙuliƙuli kuwa gyaɗa ne, gyaɗar da ta sha danshi kuma tana yin fumfuna mai fitar da gubar da ake kira aflatoksin. Wannan guba hanta take ci, tana cikin abubuwan da ke haddasa kansar hanta, tana kuma tauye girman yara. Suya ba ta kashe ta, tafasa ba ta kashe ta. Na san wata baiwar Allah mai dakuwa da ɗakinta ya fi na kowa tsafta, amma kayanta suka faɗi gwaji, don ta saba sayen karyayyar gyaɗa mai araha a ƙarshen kasuwa. Da ta koma sayen busasshiya, ta zauna da yaranta suna tsince baƙaƙe da motsattsu a faifai, kayan suka wuce. Garin koko kuma abin tsoronsa laima: in bai bushe ƙarau ba kika rufe shi a leda, kafin wata ya zagayo ya canza wari.

Takardar jikin roba ba ado ba ce. Ƙa'idojin 1992, da aka sani da L.I. 1541, su suka tsara abin da za ta ƙunsa: sunan abincin, jerin kayan haɗi, nauyin abin da ke ciki, ranar da aka yi shi da ranar da zai daina amfani, lambar rukuni, sunanki da adireshin wurin aikinki, ƙasar da aka yi shi, da yadda za a adana shi. Dole bayanin ya kasance da Turanci. Ki ƙara Hausa a gefe in kina so, ni ma ina son ganin haka. Kayan haɗi ana jera su ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta. In ƙuliƙuli ya fi yawa shi ne a gaba, sai barkono, citta, gishiri, masoro, kimba, kanumfari, yadda awonki yake. Ba a ce ki tona sirrin kakarki ba, babu mai tambayar ki cokali nawa. Amma in kina sa magi ki rubuta, in kina sa kala ki rubuta. Gyaɗa kuwa ki fito da sunanta ɓaro-ɓaro, don akwai mutanen da ɗan kaɗan ɗinta ke toshe musu numfashi.

Abu ɗaya da nake roƙon ki da shi: kada ki rubuta cewa yajinki yana maganin hawan jini, ko ciwon suga, ko yana ƙara wa maza ƙarfi. Doka ta hana tallar abinci a matsayin maganin irin waɗannan cututtuka, kuma ko babu doka, akwai tsohon da zai karanta ya ajiye ƙwayoyin asibitinsa. Wannan alhaki ba na ɗauka ba ne.

TAMBAYA: Hajiya, ƙuliƙuli da dakuwa nake yi a Alabar. Mai buga mini takarda ya ce in sa shekara 2 a ranar lalacewa, wai kowa haka yake yi. Kuma mene ne lambar rukuni?
Wani magidanci, Alabar

AMSA: Malam, mai buga takarda bai san kayanka ba. Dakuwa da ƙuliƙuli mai gare su, mai kuwa yana tsufa ya yi wari, balle a zafin kantin da babu sanyi. Ranar daga gwaji take fitowa: ɗakin gwaji ya duba, kai ma ka ajiye wasu ƙunshi a irin wurin da za a sayar, kana buɗe ɗaya lokaci-lokaci kana shinshinawa kana ɗanɗanawa. Abin da ka gani shi za ka rubuta, ko da watanni ƙalilan ne. Ka bar gurbin ranar babu komai a takardar, ka sayi hatimi kana bugawa duk ranar aiki.

Lambar rukuni kuwa shaidar suyar rana guda ce. Ka sami littafi, ka rubuta lambar, da ranar, da wurin wanda ka sayi gyaɗar. Ran da wani ya kawo ƙara, wannan rukunin kaɗai za ka janye daga kasuwa, sauran kayanka su tsira.

TAMBAYA: Anti, abin nan yana ci mini rai. Na shiga kanti a Akra na ga fakiti an rubuta "Hausa Koko", kamfanin kuwa babu ɗan zango ko ɗaya a cikinsa. Haka waakye, haka tuo zaafi, haka fura. Iyayenmu mata suka yi wahalar tashi da asuba, wasu ke kwasar riba. Ba za mu iya yin rajistar sunan ba, ya zama sai mu kaɗai?
Ɗalibi, Asawase

AMSA: Ɗana, na fahimci zafin da kake ji, don ni ma 'yar mai koko ce, na san ƙarar dutsen niƙa tun kafin kiran sallar farko. Amma amsar da doka za ta ba ka ita ce a'a, kuma ina ganin a nan doka ta yi daidai.

Tambarin kaya, wanda ake rajistarsa a ofishin Babban Magatakarda ƙarƙashin dokar 2004, yana kare suna ko zanen da ya bambanta kayanka da na wani. Ba ya ba mutum ɗaya mallakar sunan da kowa ke kiran abinci da shi. Wannan ƙa'ida ita ce ta hana wancan kamfanin wayar gari ya ce sunan nasa ne, ya aiko wa mai koko a Aboabo takardar lauya. Ka ga garkuwar da kake so a cire, uwarka take karewa.

Akwai wata hanyar, ta alamar asalin wuri. Gana tana da dokarta tun 2003, mai lamba 659, kuma a 2025 aka yi wa kente irin wannan rajista, saƙar da Bonwire nan kusa da mu ta shahara da ita. A ƙasashen da ke ƙarƙashin OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka da ke da mazauni a Yawunde, barkonon Penja na Kamaru ya samu tun 2013, Nijar kuma ta yi wa kilishinta da albasar Galmi. Sai dai ka lura, duk waɗannan da wani wuri aka ɗaure su: ƙasa kaza, gari kaza, inda ƙasar noma ko iska ko hannun mutanen wurin ke ba kayan halinsa. Koko kuwa ana dama shi a Kano, a Tamale, a Nima, a Asawase. Hausa al'umma ce, ba yanki guda ba, dokar kuma ba ta tambayar ƙabilar mai dafawa.

Tarayyar Turai ce take da tsarin da ya fi kama da abin da kake nema. Tun 1992 suke da rajistar abincin gargajiya da suke kira TSG, wadda ba ta duba inda aka yi abinci, yadda aka yi shi take dubawa. Sharaɗinsu sai an nuna cewa an yi aƙalla shekara 30 ana yin sa haka, kuma ƙungiyar masu sana'ar ce ke nema, ba mutum ɗaya ba. Ta wannan hanya fizar birnin Napoli na Italiya ta shiga rajista a 2010. Amma ko a can, duk wanda ya bi rubutacciyar hanyar yana da damar amfani da sunan, ko daga ina yake. Abin da suka tsare shi ne kada a yi wani abu dabam a laƙaba masa sunan. Wannan tsarin nasu ne, a ƙasashensu yake aiki.

Darasin da nake so mu ɗauka shi ne na rubutawa. Yau in aka tambaye mu mene ne kokon Hausa na ainihi, wa ke da takarda? Gero ne zalla ko an yarda da haɗin masara? Kwana nawa ake jiƙo? Citta, kanumfari, masoro da barkono, wanne ne dole? Ana tacewa, a bar gasara ta kwanta ta yi tsami, sannan a dama da ruwan tsamin. Wanda ya tsallake wannan ya zuba wa gari sinadarin tsami, kokonsa ya cancanci sunan? Tsofaffin da suka san amsar suna raye a zangunanmu, kuma ba za su dawwama ba. Kai mai karatu ne, jami'ar KNUST kuma tana da sashen kimiyyar abinci a bayan gidanku. Ka tara masu koko goma ko ashirin, ku kafa ƙungiya mai rajista, ku rubuta ƙa'idarku. Dokar tambari ta yarda da tambarin haɗaka, wanda ƙungiya ke mallaka, mambobinta kaɗai ke manna shi. Ba zai hana kowa rubuta "Hausa Koko" ba, amma mai saye zai ga alamar ya san wannan daga hannun masu abin ya fito. Ina da yaƙinin akwai masu neman irin wannan shaida, musamman 'yan'uwanmu da ke ƙetare.

TAMBAYA: Hajiya, ɗana yana Hambog a Jamus, ya ce in aika masa kilishi da wagashi da yaji ya gwada sayarwa. In na sami lambar FDA shi ke nan?
Wata uwa, Sabon Zango

AMSA: Hajiya, kilishi da wagashi ki bar su a gida. Tarayyar Turai ta hana shigar da nama da kayan madara daga ƙasashen waje a jakar matafiyi ko ta gidan waya, ko na ci ne balle na sayarwa. In an gani ƙwacewa ake yi, wani lokaci har da tara. Lambar FDA ta kasuwar Gana ce, ba ta buɗe wannan ƙofar.

Yaji yana iya tafiya, amma ta hanyar fatauci: rajista da GEPA, hukumar bunƙasa fitar da kaya, da takardar gwaji, da bayani cikin Jamusanci a jikin roba. Iyakar aflatoksin da suka yarda da ita a gyaɗar ci ita ce maikirogiram 4 a kilo ɗaya, kuma kayan gyaɗa daga Gana suna cikin waɗanda suke tsananta wa bincike a tashar shiga. Ki ce wa ɗanki ya fara nemo ɗan kasuwar da ya saba shigo da kayan abincin Afirka a can, ya ji sharuɗɗansa, kafin ki sayi gyaɗa ko mudu ɗaya.