Tambayoyinku: Aiki da Muhalli a Bakin Tekun Legas

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai walda ne, ina da mata da 'ya'ya uku. An yi mini tayin aiki a yankin Ibeju-Lekki na Jihar Legas, albashin ya ninka abin da nake samu a nan. In kwashi iyali mu tafi ne?
Daga wani magidanci, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Aiki kam akwai shi a wannan yanki. A nan matatar man Dangote take, mai iya tace ganga 650,000 a rana, wadda aka ƙaddamar a watan Mayun 2023, ga kuma sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki. Mai sana'ar hannu irin taka ba zai rasa abin yi ba. Amma abin da ya jawo ka shi ya jawo dubban mutane, kuma kowa ɗaki yake nema, shi ya sa haya ta tashi.

Kuɗin da za ka tanada ya wuce kuɗin haya kawai. A Legas ana biyan shekara guda gaba ɗaya, sannan a ɗora la'adar dillali, galibi kashi 10 cikin 100, da kuɗin rubuta yarjejeniya, shi ma kashi 10, da kuɗin ajiya na ko-ta-kwana idan ka ɓata wani abu a gidan. Mu ɗauka misali ciki da falo naira miliyan ɗaya: kafin a miƙa maka makulli ka doshi miliyan ɗaya da dubu ɗari uku, ba ka sayi ko tabarma ba. Dokar haya ta jihar ta 2011 ta hana karɓar fiye da shekara guda daga sabon ɗan haya, kuma mai biyan shekara-shekara sai an ba shi wa'adin wata shida kafin a tashe shi, in dai yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba. Don haka karanta takardar da kyau kafin ka sa hannu. Kada ka biya ko kwabo sai ka shiga gidan, ka ga mai gidan ko lauyansa ido da ido, ka karɓi rasit. Damfarar da aka fi yi ita ce a karɓi kuɗin mutum biyar a kan ɗaki ɗaya.

Lokacin duba gida shi ne damina, musamman Yuni da Yuli. Ƙasar Lekki da Ajah kwari ce mai yashi, ruwan ƙarƙashin ƙasa ba shi da nisa, magudanai kuma ba sa ɗauke ruwan. Dubi gindin bango: in ka ga tabon ruwa ko fenti yana ɓarewa daga ƙasa, ambaliya na shiga. Buɗe famfo ka tari ruwa a roba fara ka bar shi ya kwana. A wurare da dama ruwan burtsatse yana yin ja saboda sinadarin ƙarfe, ko ya yi gishiri-gishiri, sai ka koma sayen ruwan sha har da na girki. Iskar teku kuma, kai da kake mai walda ka fi mu sani, tana cin ƙarfe da tsatsa. Tambayi rukunin da kamfanin lantarki ya sa unguwar, domin da shi ake yanke kuɗin wuta: tun Afrilun 2024 masu rukunin A suna biyan sama da naira 200 kan kowane yunit. Ka tabbatar ɗakin yana da mitarsa ta kati, ba ta haɗaka da maƙwabta ba.

Sai zirga-zirga. Unguwannin da Hausawa suka yi kaka-gida, irin su Agege, Mile 12 da Idi-Araba, suna can wani ɓangaren birnin, nesa da wurin aikinka. Babbar hanyar Lekki zuwa Epe ita kowa ke bi, kuma gosulonta yana cinye awanni. Haya mai sauƙi a nesa, kuɗin mota ne ke cinye rarar, balle tun da aka cire tallafin mai a 2023.

Shawararmu, ka tafi kai kaɗai, ka fara neman masaukin kamfani ko ku haɗa ɗaki da abokan aiki. Yi wata shida kana rubuta duk abin da ka kashe. Abin da ya rage a ƙarshen wata shi za ka gwada da samunka na Katsina, sannan ka san ko iyali za su biyo ka.

Tambaya: Ina ganin tallan filaye a Ibeju-Lekki a Facebook, ana cewa kuɗinsu zai ninka saboda sabuwar hanyar bakin teku. Ina da ɗan jari, in saya?
Daga wata 'yar kasuwa, Daura.

Amsa: Hajiya, gaskiya ne akwai hanyar, an fara aikinta a 2024, daga Legas za ta nufi Kalaba, kimanin kilomita 700. Sai dai an rushe gine-ginen da suka faɗa kan layinta, kuma filaye da yawa a yankin suna cikin waɗanda gwamnati ta riga ta karɓe. Nemi taswirar safiyo mai lambobin filin, ki ba lauyanki, ba lauyan mai sayarwa ba, ya kai ofishin Babban Safiyo na jihar a duba ko filin yana cikin na gwamnati. Sannan a binciki takardar mallaka a ofishin filaye da ke Alausa. Idan daga hannun wani za ki saya, cinikin bai cika ba sai da amincewar gwamna, kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tanada. Ki kuma lissafa kuɗin cike filin da yashi, da katanga, da fitinar omo onile, masu iƙirarin gadon ƙasa da ke neman kuɗi ranar da aka sauke bulo. Filin da mai shi ke zaune a Daura, ba katanga ba mai gadi, shi aka fi sayarwa sau biyu.