Fatawa: Za a ɗura wa mahaifiyata "siminti" a ƙashin baya, ya halatta? Kuma yaya sallarta?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12 a Legas, iyalina suna Agege, kuma mahaifiyarmu tana wurina. Shekarunta 68. Wata guda ke nan santsi ya kwashe ta a banɗaki ta faɗi zaune daɓas. Tun ranar ba ta iya tashi daga kwance sai an tallafe ta, ko tari ta yi sai ta yi salati. An yi hoto, likita ya ce gaɓa ɗaya ta ƙashin bayanta ta lotsa saboda ƙashin ya yi rauni. Sun ce ba tsaga ta za su yi ba, allura za su soka su ɗura wani abu kamar siminti. Yayana da ke gida ya ce in sako ta a mota a kai ta wurin maɗori, wai sa siminti a jikin mutum canza halittar Allah ne, kuma da shi za a binne ta. Ita Hajiya damuwarta salla, da cewa likitan namiji ne. Ƙanwarta kuma ta aiko da rubutu da jiƙo a ba ta da asubar ranar aikin. Malam, a warware mana.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma ya saka maka da alheri kan ɗawainiyarta.

Aikin ya halatta, ɗan'uwa. Amma bari mu fara da sanin mene ne shi, domin malamai sun ce hukunta abu reshe ne na fahimtarsa.

Ƙashin baya gaɓoɓi ne a jere, wannan bisa wannan, laka kuma ta bi ta cikin ramin da ke bayansu. Idan shekaru suka ja, musamman ga mata bayan ɗaukewar al'ada, ƙashi yakan zaizaye daga ciki, sai 'yar faɗuwa kaɗan ta sa gaɓa ta lotsa kamar an taka gwangwani. A wannan aiki ana kwantar da mara lafiya rub da ciki, likita ya soka allura mai ɗan kauri ta fata yana kallon hanyarta a na'urar hoton ƙashi, har ta shiga cikin gaɓar. Wani lokaci sai a fara hura ɗan balan-balan a ciki don a ɗago ƙashin, sannan a ɗura abin. Ba simintin gini ba ne. Wani nau'in roba ne da ake haɗawa a masana'anta, ba naman dabba a cikinsa balle najasa, abin da ake ɗurawa bai fi cokalin shayi ɗaya ko biyu ba, kuma cikin mintoci yake daskarewa. Likitoci a garin Amiens na Faransa ne suka fara yin sa a 1984. Gaɓa ɗaya takan ci kimanin awa guda, da yawa kuma a ranar ko washegari ake sallamarsu.

Asalin neman magani halas ne. Usamatu ɗan Sharik ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa ƙauyawan da suka tambaye shi: ku yi magani bayin Allah, domin Allah bai sanya cuta ba face ya sanya mata magani, sai cuta ɗaya, tsufa. Abu Dawud da Tirmizi suka fitar da shi. A cikin Muslim kuma, Jabir ya ce Annabi ya aika wa Ubayyu ɗan Ka'ab likita, ya yanke masa wata jijiya ya yi masa lalas. Wanda ya aika likita a yanki sahabinsa bai hana a soka allura ba.

Maganar yayanka ta fito daga tsoron Allah, don haka ka amsa masa da ladabi, amma ba ta hau ba. Canza halittar da aka zarga a Suratun Nisa'i, aya ta 119, da hadisin Ibn Mas'ud, shi ne sauya abin da yake lafiya lau don neman ƙarin kyau. Mayar da abin da ya lalace yadda yake gyara ne. An yanke wa Arfajatu ɗan As'ad hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, sai Annabi ya umarce shi ya sa na zinare. Zinare fa, da aka haramta wa maza sawa. Batun binnewa kuwa, Allah ya ja da rai, ba a taɓa abin, ba ya hana wanka ko salla. Neman cire shi ne ma laifi, saboda hadisin Nana A'isha cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye.

Ɗori sana'a ce ta gado, mun ga hannu da ƙafa da suka warke a hannun maɗora. Amma maɗori da ja da matsa da karan ɗori yake aiki, gadon baya kuwa laka ce kwance a cikinsa. Idan aka taɓa ta, ƙafafu suna iya mutuwa. Ka haɗa da tafiyar da ta kai kilomita dubu daga Ikko zuwa gida, kwana a mota ana faɗawa ramuka da tsohuwa mai karyayyen baya. Annabi ya ce wanda ya yi likitanci alhali ba a san shi da shi ba, to shi ne mai lamuni. Gwanin ƙafa ba lalle ne ya zama gwanin baya ba. Ban yarda a ɗauke ta ba. Idan yayanka bai natsu ba, ku kai hoton ga wani likitan ƙashi ya sake dubawa, ga asibitin ƙashi na Igbobi nan kusa da ku.

To wajibi ne a yi aikin? Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta ce hukuncin magani yana sauyawa: wajibi ne idan barinsa zai kai ga halaka ko rasa gaɓa, mustahabbi idan zai kai ga raunin jiki kawai, wani lokaci halas, wani lokaci makaruhi idan ana tsoron illarsa ta fi cutar. Irin karayar Hajiya sau da yawa takan haɗe da kanta cikin wata biyu zuwa uku da maganin zafi da ɗamarar baya. Su kansu likitocin sun yi saɓani: bincike biyu da aka buga a 2009 ba su ga fifikon aikin ba, wani kuma da aka yi a Ostareliya aka buga a 2016 ya ga amfaninsa ga sabuwar karaya mai tsananin zafi wadda ba ta wuce sati shida ba. Akwai kuma haɗarin abin ya tsiyaya ya taɓa jijiya, ko ƙwayar cuta ta shiga, ko da yake mummunan hakan bai cika faruwa ba. A ɗaya gefen, doguwar kwanciya ga tsoho ita ma cuta ce, tana kawo gyambon kwanciya da daskarewar jini a ƙafa da ciwon huhu. Don haka abin da nake gani a halinta, mustahabbi ne idan likita amintacce ya rinjayar da shi, ba ta da zunubi idan ta zaɓi haƙuri. Sai fa in ƙafa ta fara sanyi ko mutuwa, ko fitsari ya riƙa zubo mata ba ta sani ba. Nan kam a garzaya asibiti a daren, ya zama wajibi.

Tunda haka ne, zaɓin nata ne. Baliga ce mai hankalinta, ba kai ba, ba yayanka ba. Ita za ta sa hannu ko ta dangwala. Kuma ga wata amana da ta hau kanka: likitan da Turanci zai yi bayani, kai ne tafinta. Na sha zama a gefen gado ina jin likita ya yi magana ta minti biyar, ɗa ya juya ya ce wa uwarsa "ya ce ba komai." Wannan ha'inci ne ko da tausayi ya kawo shi. Ka faɗa mata amfanin da haɗarin da Hausar da za ta gane, cikin taushi.

Likita namiji: ku nemi mace idan akwai, in babu ƙwararriya a wannan fanni, namiji ya yi, gwargwadon buƙata, ba tare da keɓewa ba. Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ce suna fita yaƙi tare da Annabi suna jinyar waɗanda aka ji wa rauni, ka ga lalura ta buɗe ƙofar tsakanin jinsin biyu. Ɗakin tiyata ba mutum ɗaya ba ne, kuma sauran jiki a lulluɓe yake, wurin aikin kawai ake bari. Ku roƙi ma'aikaciyar jinya mace ta sauya mata kaya.

Yanzu ga inda na fi son ka buɗe kunne, domin nan mutanenmu suka fi faɗawa. Za a ce kada ta ci kada ta sha kafin aikin, galibi awa shida ga abinci, awa biyu ga tsurar ruwa, amma abin da asibitinku suka faɗa shi za ku bi. Dalilin shi ne, idan aka sa mutum barci da abu a cikinsa, yana iya tasowa ya gangara huhu, kuma wannan yana kisa. Ko da allurar kashe wuri kawai aka shirya, ana iya komawa ga ta barci a tsakiyar aiki. Na taɓa zuwa duba wani dattijo da safe, na tarar da ƙaramin kofi a ƙarƙashin gado da sauran kunu a gindinsa. Matarsa ce ta ba shi, wai kada ya shiga da yunwa. Allah ya taimaka jikarsa ta faɗa wa nas, aka ɗage aikin. Da sun yi shiru fa? Rubutu ba tsurar ruwa ba ne, akwai tawada da ƙaro a ciki. Ba na shiga saɓanin malamai kan shansa a nan, amma a cikin awannin da aka hana, shayar da ita shi haramun ne idan kun san haɗarin, saboda Allah ya ce kada ku jefa kanku ga halaka, a Baƙara aya ta 195. Ɓoye wa likita an sha ya fi shan muni.

Jiƙon ma ku dakatar da shi tun yanzu, ku nuna wa likita. Duk abin da take sha ku zuba a leda ku kai masa: na hawan jini, na suga, asfirin ko wani mai tsinka jini, sassaƙe, man habbatus sauda, haɗin tafarnuwa da citta. Wasu suna hana jini tsayawa, wasu suna karo da maganin barci, shi ya sa likitoci kan so a bar na gargajiya sati biyu kafin tiyata. Na asibiti kuma kada ku tsayar da kanku, shi zai ce wanne a bari, yaushe. Kada kunyar a ce ku 'yan gargajiya ne ta sa ku ɓoye. Abin da ba shi da lokacin hani shi ne addu'a. Ta ɗora hannu inda ke ciwo ta ce Bismillah sau uku, sannan "A'uzu billahi wa ƙudratihi min sharri ma ajidu wa uhazir" sau bakwai, kamar yadda Annabi ya koya wa Usmanu ɗan Abil As. Ka gaya wa innarku da ta aiko da rubutun ta riƙe wannan da Fatiha.

Salla kuwa ba ta faɗuwa muddin hankali yana nan. A Legas rana tana gotawa ne tsakanin sha biyu da rabi da ƙarfe ɗaya, don haka aikin safe bayan Asuba yawanci ba ya cin ko salla ɗaya. Idan an sa ta da rana bayan lokacin Azahar ya shiga, ta yi ta kafin a tura ta, kuma tana iya haɗawa da La'asar, domin Ibn Abi Zaid ya kawo a Risala cewa mara lafiya mai tsoron gushewar hankali yana haɗa salla a farkon lokaci. Idan lokaci ya fita tana cikin barcin fa? A mazhabar Malik wanda ya suma ba ya rama abin da lokacinsa ya fita, haka Ibn Umar ya yi kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa. Hambalawa sun ce ya rama. Ni na fi karkata ga ta rama, domin wannan barci da yardarta aka sa ta, ya fi kama da barci a kan suma, kuma salla ɗaya ce ko biyu. In ta farka sai ta sake alwala.

Plastar da za a manna a wurin allurar tana baya, ba ta shafi gaɓoɓin alwala ba. Idan wankan wajibi ya kama, a shafa a kanta. Idan zuwa ga ruwa ko sunkuyo yana cutar da ita kuma babu mai kawo mata, ta yi taimama, kowace farilla da tata. Ka samo mata ɗan dutse mai faɗi kamar tafin hannu ka sa a jakarta tun daga gida, domin bangon asibiti fenti ne da tayil, su kuwa malamanmu ba su yarda da taimama a kan abin da aka gasa ko katako ba.

Annabi ya ce wa Imrana ɗan Husaini: yi salla a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan gefe. Yanzu da ba ta iya tashi, ta yi a kwance kan gefen dama tana fuskantar alƙibla, ko rigingine ƙafafu wajen alƙibla, in juya gadon ya gagara ta yi yadda take. Bayan aiki za a hana ta sunkuyo sosai da ɗaukar kaya na wasu makonni. Idan ta iya tsayuwa, ta yi kabbara da Fatiha a tsaye, ta yi nuni da kai don ruku'u, ta zauna a kujera ta yi nunin sujada ƙasa da na ruku'u. Kada a ɗago mata matashi zuwa goshi. Na san tsofaffinmu, sai ka fita kasuwa ta lallaɓa ta kai goshi ƙasa, tana ganin ta kujera ba ta cika ba. Ka karanta mata hadisin Abu Musa a Buhari: bawa idan ya yi rashin lafiya ko tafiya, ana rubuta masa irin abin da yake yi yana lafiya a gida.

Wasiyya kuma, idan akwai bashi a kanta ko ajiyar wani a hannunta, a rubuta. Ba don aikin yana da babban haɗari ba, hadisin Ibn Umar na kada a kwana biyu ba tare da ita ba ya hau kan mai lafiya ma. Ka zaɓi lokacin da take cikin walwala, kada ka tayar da zancen a daren da za a shiga da ita.

Wallahu a'alam.