Tambaya da Amsa: Me ya sa bolti ke tsinkewa alhali ban wuce awo ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni makaniki ne a Apo, Abuja. Na ɗaure sabbin bolti M12 (kaurin milimita 12) masu lambar ƙarfi 8.8, irin masu rufin zinki ruwan toka, da sufana mai awo a kan 90 Nm (ma'aunin ƙarfin murɗawa). Na shafa musu giris saboda tsatsar damina. Biyu sun miƙe, ɗaya ya tsinke. Jabu aka sayar mini?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a zargi mai shago, a fara duba giris ɗin.

Sufanar ƙarfin murɗawa kawai take aunawa, ba ta san yadda bolti ya matse ƙarfen ba. Kusan kashi 50 cikin 100 na murɗawar yana ƙarewa wajen gogayya a ƙarƙashin kan bolti ko noti, kusan 40 a cikin zaren, abin da ke jan boltin ya riƙe haɗin kusan 10 ne kacal. To, da zarar santsi ya ƙaru, abin da gogayya ta saba cinyewa sai ya koma jan boltin.

Ga lissafin. Don a san ƙarfin jan boltin, ana raba awon murɗawa da kaurin bolti da kuma lambar gogayya. Busasshen ƙarfe lambarsa kusan 0.20 ce, don haka 90 Nm a kan M12 zai ja da kusan 37 kN (ma'aunin ƙarfin ja). Giris mai santsi na iya saukar da ita zuwa 0.12, jan ya haura 62 kN. Shi kuwa M12 mai 8.8 daga wajen 54 kN yake fara miƙewar da ba ta komawa. Ka ga sufana ba ta yi ƙarya ba, amma boltin ya riga ya sha wuya.

Wannan rufi mai ruwan toka, yawanci masana'anta ta riga ta saka masa abin santsi a ciki daidai gwargwado. Ƙara masa mai ɓata awo ne, haka wanke shi da fetur ko gurza shi da burushin waya. A ɗaure shi yadda ya zo, sai fa idan littafin motar ya ce a shafa mai. A nan ma awon da aka rubuta na mai ne, ba na busasshe ba.

Akasin haka ma yana faruwa. Zaren da ƙurar hunturu ko tsatsa ta cika yakan sa sufana ta yi ƙarar cikar awo da wuri, haɗin bai matsu ba, girgizar hanya ta kwance shi. A tsabtace ramin, a gwada shigar da boltin da hannu tukuna.

Kada a haɗa bolti mai kaurin rufin galbanaiz da noti na gama-gari, domin notinsa ana faɗaɗa masa zare ne musamman. Boltin kan silinda da ake ɗaurewa da awo sannan a ƙara murɗa shi da digiri, yawanci ba a sake amfani da shi. Waɗanda suka miƙe a hannunka kuma, har da sauran da suka sha giris tare da su, a canza su gaba ɗaya.