Faifan da babu kiɗa a ciki: in saya ko in bari?

Tambaya: Malam, ɗalibi ne ni a Ingila. Na ga faifan Frost and Fire da aka sake bugawa, mai shago yana ta zuzuta shi, amma ya ce babu kiɗa, murya ce zalla. Kuɗina ƙalilan ne. In saya? In da saye, CD ko faifan garmaho?

Amsa: Ɗan'uwa, maganar mai shago kusan haka take, sai dai bai gaya maka duka ba. A 1965 kamfanin Topic Records ya fara fitar da faifan. Mawaƙan 'yan gida ɗaya ne daga garin Hull, Norma da Mike da Lal Waterson, da wani ɗan'uwansu John Harrison. Tsofaffin waƙoƙin ƙauye suka tattaro, suka jera su yadda shekara take juyawa: na tsakiyar hunturu, na Ista, na girbi, har a dawo Kirsimeti.

Muryoyin ba su da laushi ko kaɗan. Da hanci suke ja, da karin harshen Yorkshire, yankin da Hull yake, kuma in mutum huɗun suka haɗu a kan amshi sai ka ji kamar bango ya taso maka. Ba gita da za ta rufa wa kowa asiri, har shaƙar numfashi kana ji kafin a ɗauki baiti. Ranar da na fara saurara, a waƙa ta uku na kashe shi. Bayan mako guda na tsinci kaina ina gunaguninsu ina wanke kwanuka. Kunnen da ya saba da waƙar niƙa ko rubutacciyar waƙa da ake rerawa ba ganga ba zai sha wahala ba, amma in na rakiyar karatu kake nema, wannan ba zai bar ka ka karanta ko layi ba.

Saboda haka kada ka taɓa aljihu tukuna. Nemo shi a intanet, ka saurara daga farko zuwa ƙarshe, sau biyu. In ya kama ka, ɗauki CD. Faifan garmaho sai mai na'urar juya shi, ga nauyi, ga shi zafi yana lanƙwasa shi ranar da ka tashi komowa gida. Ka kuma duba ko kwafin yana ɗauke da bayanin da A. L. Lloyd, masanin waƙoƙin gargajiya na Ingila, ya rubuta kan waƙoƙin, don Turancin ciki tsoho ne, wani wurin ko 'yan ajinku sai sun yi tambaya.