Yana ci amma ba ya ƙiba: me zan fara saya masa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 3, nauyinsa kilo 11, likita ya ce yana da ciwon sistik faiburosis. Yana ci sosai, amma kamar ana zubawa a rariya, ga kashinsa mai maiƙo da wari. Mai kemis ya ce in sayi maganin ƙara cin abinci da madarar gwangwani mai tsada. Wanne zan fara?
Maman Abba, Agege

Amsa: Wa alaikumus salam, Maman Abba. Allah ya ba shi lafiya. Kada ki fara da ko ɗaya, domin matsalar ba ta rashin ci ba ce. A wannan ciwo majina mai kauri ce ke toshe hanyar pankiriyas, gaɓar da ke fitar da ruwan narkar da abinci, sai mai ya wuce ta hanji jiki bai amfana ba. Maiƙon da kike gani a fo, abincinsa ne ke zubewa.

Kuɗinki ya fara tafiya kan ƙwayar narkar da abinci irin Creon, bisa rubutun likita. Ga yaro ƙasa da shekara 4, ana farawa da awo 1,000 na ƙarfin maganin a kowane kilo na nauyinsa a kowane cin abinci, wato kusan ƙwaya ɗaya ta Creon 10,000 ga ɗanki. Kada a wuce awo 10,000 a kilo a yini. A ba shi a lomar farko, har lokacin cin ƙosai ko shan madara. Ki buɗe ƙwayar, ki zuba tsabar cikinta a cokalin markaɗaɗɗen tuffa ya haɗiye. Kada a niƙa, kada ya tauna, kada a zuba a kunu mai zafi. Zafi na kashe maganin, don haka ki guji wanda ya wuni a rana a kasuwa, ki kuma ajiye naki nesa da murhu.

Sai gishiri. Gumin waɗannan yara na kwashe shi da yawa, in kin sumbaci goshinsa za ki ji. A zafin Legas hakan kaɗai na iya hana ƙiba, ki tambayi likita yawan da za ki ƙara. Yana kuma buƙatar bitamin A, D, E da K.

Madarar nan ta jira. Cokalin man gyaɗa ko manja a abincinsa, da ƙwai da kifi, sun fi ta araha. In nauyin ya ƙi tashi, a duba ƙirjinsa a babban asibiti kamar LUTH da ke Idi-Araba, domin ciwon na taɓa huhu ma, kuma tarin da ba ya ƙarewa na ƙone abin da yaro ya ci.