Ina kafur yake tafiya a buhun wake?

Tambaya: Malam, bayan girbi na zuba ƙwayoyin kafur a buhunan wakena. Da na buɗe bayan wata biyu, na buhunan sama sun ɓace ɗungurungum, na ƙasa kuwa ƙanƙancewa kawai suka yi. Babu jiƙa, babu alamar narkewa. Ina suka tafi?

Amsa: Malam, cikin iskar sitonka da cikin wakenka suka tafi. Kafur na kasuwa yawanci sinadarin naftalin ne, kuma sai zafi ya kai digiri 80 yake narkewa. Amma tun kafin nan yana tashi kai tsaye daga sandararre zuwa tururi, ba tare da ya zama ruwa ba. Warin da kake ji, jikinsa ne yake zaizayewa. Zafi da kaɗawar iska su ke hanzarta shi.

Na sama kuwa, rufin kwano ne ya cinye su. Tsaya ƙarƙashin kwano da azahar, za ka ji zafi na dukan tsakar kanka alhali ba ka taɓa shi ba. Kwanon ya sha rana, yana mayar da ita ƙasa kamar yadda garwashi ke gasa fuskar mai jin ɗumi. Buhun da ke kallon rufi shi ke karɓa, na ƙasa suna fake a bayansa.

Ni dai ban yarda a haɗa kafur da abinci ba, ko ƙwaya ɗaya. Wake yana shan tururin, kuma naftalin na farfasa ƙwayoyin jinin masu ƙarancin G6PD (wani sinadari da ke kare ƙwayoyin jini), waɗanda ba kaɗan ba ne a ƙasar nan. Jarirai sun fi shiga haɗari, yana sa musu shawara.

Wannan zafin da ya cinye kafur, sa shi ya yi maka aikin kashe ƙwarin wake. Zuba busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi a ƙasa don kada ƙasa ta zuƙe zafin. Shimfiɗa baƙar leda a kai, ka baza waken, kada ya yi tudu. Rufe da farar leda mai nuna ciki, ka naɗe gefuna, ka danne da duwatsu. Hasken rana yana ratsa farar, baƙar ta shanye shi, iska mai zafi kuma ta rasa mafita. Daga ƙarfe 11 zuwa 1 ya isa idan rana ta buɗe sosai: zafin da ya haura digiri 57 na awa guda yana kashe ƙwaro, tsutsarsa da ƙwansa. Idan ya huce, zuba shi a buhun PICS, wato buhun ajiya mai hawa uku da ke hana iska shiga, ka ɗaure kowane hawa daban.

Tambaya: In bar shi ya kwana a shimfiɗe don ya huce da kyau?

Amsa: A'a. Da dare waken ne ke mayar wa sararin sama zafi, har ya fi iska sanyi, raɓa ta sauka a kansa. Kwashe shi kafin magariba.